In Babu Kifi a Tukunya, Me Zai Maye Gurbinsa?



A zagayen da muka yi na azuzuwan yaƙi da jahilci a karkarar Ɗan Barto, wata uwa ta yi mana tambaya mai nauyi. Ta kai ɗanta awo a likita. Ma'aikaciyar lafiya ta ce yaron bai ƙaru ba, a riƙa ba shi kifi ko nama. Uwar ta ce da mu: "Malam, rabon gidanmu da kifi tun kaka. To, ina zan sa kaina?" Mata da yawa a ajin suka ce su ma haka abin yake a gidajensu. Mun yi musu alkawarin amsa a wannan shafi. Ga amsar. A karanta a hankali, kuma a karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

Me ya sa kifi yake mana wuya?

Ƙasarmu ba ta da teku. Kifin da muke ci yana fitowa daga kogin Kwara, da tafkin Cadi, da kogin Komadugu, da tafkuna kamar na Madarunfa da Gidimuni. Sauran kuma kifin ƙanƙara ne da na gwangwani, waɗanda ake kawowa daga nesa.

A shekarar 1963 faɗin tafkin Cadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 da na 1984, ruwan ya janye har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. A 2015, saboda rashin tsaro, an hana su da fataucin kifi a jihar Difa, ba a ɗage hanin ba sai a 2019. Iyakar da ke kusa da mu ma an rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta a 2023 har zuwa Maris 2024. Duk lokacin da irin wannan ya faru, banda da kifin ƙanƙara sukan fi ƙarfin talaka.

Ba mu da iko a kan tafki, ba mu da iko a kan iyaka. Amma muna da iko a kan gonarmu da rumbunmu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Me kifi yake ba jiki?

Kafin mu nemi madadin abu, sai mu san aikinsa. Kifi yana ba jiki abubuwa shida:

1. Abin gina jiki, wanda likitoci ke kira furotin. Da shi tsoka take ginuwa, yaro yake girma, rauni yake warkewa.
2. Sinadarin ƙarfe, mai ƙara jini.
3. Sinadarin ƙashi, wato kalsiyam. Yana cikin ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu.
4. Aidin, mai hana maƙoƙo. Ya fi yawa a kifin teku da jatan lande.
5. Man kifi, mai taimaka wa ƙwaƙwalwa da ido da zuciya.
6. Bitamin B12, mai kula da jini da jijiyoyi.

Babu tsiro guda ɗaya da ya tara waɗannan duka. Sai an haɗa wannan da wancan. Huɗu na farko muna iya samun su cikin sauƙi ba tare da kifi ba. Biyu na ƙarshe suna da wuya, kuma za mu faɗi gaskiya a kansu.

Na farko: abin gina jiki

Masana sun auna furotin da ke cikin giram 100 na kowane abinci. Giram 100 kashi ɗaya ne cikin goma na kilo. Ga abin da suka samu, a kimance:

Ɗanyen kifi: giram 18 zuwa 20
Busasshen wake: giram 23
Ɓararriyar gyaɗa: giram 25
Waken suya: giram 36
Gurjiya, wadda wasu ke kira kwaruru: giram 18
Riɗi: giram 18
Hatsi: giram 11

Mu yi lissafi tare, kamar yadda muke yi a aji. Tiyar wake tana da nauyin kimanin kilo 2 da rabi, wato giram 100 sau 25. In muka ninka 23 sau 25, za mu samu 575. Kilo 3 na tsokar ɗanyen kifi yana da kimanin 570. Ke nan tiya guda ta wake ta kama kilo 3 na kifi. Ku je kasuwa ku tambayi kuɗin tiyar wake, ku tambayi kuɗin kilo 3 na kifi, ku gwada da kanku.

Babban mutum mai nauyin kilo 60 yana bukatar kimanin giram 50 na furotin kowace rana. Mai ciki da mai shayarwa suna bukatar fiye da haka.

Amma a lura da abu biyu. Wake in ya dahu yakan sha ruwa ya kumbura, saboda haka giram 100 na dafaffen wake bai wuce giram 8 na furotin ba. Dole a ci da ɗan yawa. Busasshen kifi kuma ya ninka ɗanye kusan sau uku, domin ruwansa ya fita. Shi ya sa ɗan kaɗan nasa yake da amfani a miya.

Ƙuli-ƙuli ma abinci ne mai ƙarfi. In an matse mai daga gyaɗa, furotin ɗin yana nan cikin tunkuza. Garin ƙuli-ƙuli a kwaɗo ko a miya yana yin aikin da garin kifi yake yi wajen gina jiki.

Hatsi da wake, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai

Furotin kamar gini yake. Da ƙananan tubala iri 20 ake yin sa. Jiki yana iya ƙera 11 da kansa, amma 9 dole su fito daga abinci. Kifi yana da duka taran daidai yadda ake so. Hatsi da dawa da masara sun gaza a tubali guda, wake kuwa yana da shi da yawa. Wake shi ma ya ɗan gaza a wani tubalin, hatsi kuwa yana da shi. In an haɗa su, gini ya cika.

Iyayenmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun san shi a tukunya. Ku duba koko da ƙosai, da shinkafa da wake, da tuwo da miyar gyaɗa, da dambu da ƙuli-ƙuli, da kunun gyaɗa. Duk haɗi ne na hatsi da ɗan uwansa. Ba lallai ne a ci su a kwano ɗaya ba. In an ci su a yini ɗaya, ya wadatar.

A ƙasar Indiya akwai miliyoyin mutane da ba sa cin nama ko kifi sam, saboda addininsu. Abincinsu na kullum shi ne shinkafa ko alkama, da dangin wake, da ganye, da nono. Da wannan suke noma, suke haihuwa, suke tsufa.

Shawara ga mai dafa wake: a jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan jiƙon, sannan a dafa. Zai yi saurin nuna, itace zai ragu, kumburin ciki ma zai ragu. A rage kanwa, domin yawanta yana kashe wasu bitamin da ke cikin waken.

Awara

A cikin abincin tsiro, awara ce ta fi kama da tsokar kifi a baki. Asalinta daga ƙasar Sin ne, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana cin ta, ana kiran ta tofu. Yanzu ta zama tamu, ƴan mata suna soya ta a bakin hanya. Waken suya yana son ruwan sama fiye da wanda muke samu a yawancin shekaru. Saboda haka akasarinsa daga Najeriya yake zuwa, daga jihohi kamar Kaduna da Binuwai.

Ga yadda ake yin ta:

1. A tsince waken, a wanke, a jiƙa shi ya kwana.
2. A kai a markaɗa shi ya yi laushi.
3. A ƙara ruwa mai tsabta, a tace da ƙyalle. Ruwan zai fito fari kamar madara.
4. A ɗora a wuta, a bar shi ya tafasa sosai, ana juyawa don kada ya zube.
5. A zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan. Ruwan tsamin gasara, ko na tsamiya, ko na lemun tsami, duk suna yi. Madarar za ta dunƙule ta taso sama.
6. A kwashe a zuba a ƙyalle, a sa albasa da tattasai da gishiri, a ɗaure, a danne da dutse har ruwan ya tsane.
7. A yanka, a soya, ko a jefa a miya kamar yankan kifi.

Kada a ci waken suya ɗanye ko wanda bai dahu ba, domin yana hana abinci narkewa. Awara ba ta jure zafi, a ci ta ranar da aka yi ta. Dusar da ta rage a ba awaki da kaji.

Ɗanɗanon miya

Wata za ta ce: "To, ai miya ba kifi ba ta da daɗi." Maganin wannan yana hannunmu tun kaka da kakanni, wato daddawa. Daddawar kalwa daga ƴaƴan ɗorawa take, daddawar batso daga ƴaƴan yakuwa, akwai kuma ta waken suya. Ruɓawar da ake yi mata ita ce take fito da ƙamshi mai kama da na banda. Ban da ɗanɗano, tana ƙara ɗan furotin a miya. A daka ta da albasa da busasshen tumatir, a soya da ɗan mai.

Dunƙulen miya na kanti, ko da an zana kifi ko jatan lande a takardarsa, akasarinsa gishiri ne. Yana ba harshe daɗi, amma ba ya gina jikin yaro.

Na biyu da na uku: jini da ƙashi

Sinadarin ƙarfe yana cikin wake, da gurjiya, da riɗi, da hatsi, da ganyaye kamar zogale, da rama, da tafasa, da alayyafo, da ganyen wake. Sai dai jiki ba ya shan na tsiro da sauƙi kamar na kifi. Akwai dabara biyu. A haɗa abincin da abu mai bitamin C, kamar lemun tsami, ko ɗanyen tumatir, ko gwaba, ko garin ƴaƴan kuka. Kuma kada a sha shayi a kan abinci, a jinkirta kamar awa guda, domin shayi yana tare sinadarin ƙarfe. Mai ciki ta je awon ciki, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da za a ba ta. Ganye kaɗai ba zai ishe ta ba.

Sinadarin ƙashi kuwa yana da yawa a garin kuka, da zogale, da riɗi, da nono. Miyar kukar da wasu ke rainawa tana cikin masu gina ƙashin ƴaƴanmu. A shanya ganye a inuwa, ba a rana ba, don kada amfaninsa ya ragu. A sa ɗan mai a kwaɗon zogale, domin da mai jiki yake shan bitamin A, mai kare ido.

Na huɗu: aidin

Ƙasa mai nisa da teku takan rasa aidin, abin da aka shuka a cikinta ma haka. Ko kifin tafki, kamar tarwaɗa da karfasa, ba shi da aidin da yawa. Rashinsa yana kawo maƙoƙo. Ga mai ciki yana iya jawo ɓari, ko a haifi yaro mai raunin ƙwaƙwalwa wanda karatu zai yi masa wuya har abada.

Abin da ake bukata kaɗan ne ƙwarai, kuma maganin ba shi da tsada: gishiri mai aidin. Tun cikin shekarun 1990 Nijar da Najeriya suka kafa dokar sa aidin a gishirin ci. A sayi na cikin leda wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana da aidin. Ga amfanin karatu nan a fili: ku karanta ledar da kanku. Gishirin gargajiya da ake kasawa a buɗe, galibi ba a sa masa ba. A ajiye gishiri a rufe, nesa da rana da laima, a zuba shi in miya ta kusa sauka. Amma kada a cika shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali guda.

Na biyar da na shida: inda tsiro ya gaza

Man kifi, wanda ake kira omega 3, ya fi yawa a kifin teku mai maiƙo, kamar sadin. Waken suya da mansa suna da wani ɗan uwansa, jiki kuma yana juya kaɗan daga ciki ya zama irin na kifi. Man gyaɗa kusan ba shi da shi. Saboda haka awara tana taimakawa, amma ba ta kai kifi ba.

Bitamin B12 kuwa babu shi a wake, babu shi a zogale, babu shi a hatsi. Daga dabba kaɗai ake samun sa. Wanda ya daɗe bai samu ba, jininsa zai ragu, ƙafafunsa su riƙa mutuwa, ya riƙa mantuwa. In mai shayarwa ta rasa shi, nononta ma zai rasa, jaririnta ya yi jinkirin zama da tafiya. A Turai, masu ƙin cin duk abin da ya fito daga dabba sai sun sha ƙwayar wannan bitamin.

Mu namu maganin yana cikin gida: nonon saniya ko na akuya, da ƙwan kaza ko na zabo, da ƴar hanta in ta samu. Fura da nono ta fi fura da ruwa nesa ba kusa ba. A tafasa madara kafin a sha. Ƙwai guda yana da giram 6 na furotin cikakke. Muna jin ana cewa yaron da ya ci ƙwai zai yi sata. Wannan camfi ne. Ƙwai ba ya koya sata, girma yake sawa.

Ranar da Allah ya hore kifi, ko kaɗan ne, a fara da yara da mai ciki da mai shayarwa. Maigida ya yi haƙuri da romo.

Kunun yaro

Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa kaɗai, ko ruwa ba a ƙarawa. Daga wata 6 a fara kunu, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Cikin yaro ƙarami ne. In aka cika shi da kunu mai ruwa-ruwa, zai ƙoshi amma ba zai ƙaru ba.

A 1982, a asibitin Fada Ngurma ta Burkina Faso, aka fara haɗa wani garin kunu mai suna Misola. Muna iya bin awonsa a gida: awo 6 na hatsi, awo 2 na waken suya, awo 1 na gyaɗa. In babu waken suya, a sa wake. A soya kowanne daban sama-sama, a cire ɓawo, a haɗa a niƙa. A dama shi da kauri, yadda zai tsaya a cokali. A ƙara ƙaramin cokali na garin zogale, ko dafaffen ƙwai, ko tafasasshiyar madara. Kada a ba ƙaramin yaro ƙwayar gyaɗa, tana iya shaƙe shi.

A kula da alamun tamowa: rama, da kumburin ƙafafu biyu, da gashi ya yi ja ya yi laushi, da ƙin cin abinci. In an auna dantsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, awon ya faɗa a ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, a kai shi likita a ranar. A wannan hali wake da zogale ba magani ba ne. Su na rigakafi ne.

Aikin da ya rage ga manomi

Bayan Najeriya, babu ƙasar da ta kai Nijar noman wake a duniya. Yankinmu na Kance da Matamaye kuma tun da can ƙasar gyaɗa ce. Dattawa suna tuna zamanin SONARA, kamfanin da aka kafa a 1962 don sayen gyaɗa. To, me ya sa wake yake ƙarewa a gidajenmu tun kafin bazara? Domin da kaka muna sayar da shi duka da araha, motoci su ƙetare iyaka da shi. In damina ta faɗi, mu koma muna sayen sa da tsada, ko mu haƙura. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai huɗa da noma yana bukatar wake a lokacin da aikin ya fi tsanani.

Ga shawararmu:

1. Kafin a kai wake kasuwa, a ware na gida. Iyali su zauna su lissafa tiya nawa za su ci a wata, su ninka har zuwa wata kaka.
2. A adana shi a buhu mai ruɓi uku, wanda ake kira PICS. An fara yaɗa shi a 2007, cibiyar binciken noma ta INRAN tana cikin waɗanda suka gwada shi. A busar da waken sosai, a fitar da iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaro zai mutu don rashin iska, ba sai an sa guba a abin da yara za su ci ba.
3. A tsince gyaɗa. Duk wadda ta yi fumfuna, ko ta motse, ko take da ɗaci, a zubar. Tana da dafi mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe shi. Wake ɗaya ke ɓata gari.
4. A shuka zogale biyu ko uku a gida, inda ruwan alwala yake zuba.
5. A tara harawa don akuyar tatsa. Saiwar wake tana ƙara wa gona ƙarfi, ƙwayarsa ta ciyar da mu, harawarsa ta zama nono.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Faɗi abubuwa shida da kifi yake ba jiki.
2. Don me ake haɗa hatsi da wake?
3. Wane bitamin ne babu shi a tsiro, kuma ina za mu same shi?
4. In gida yana cin tiya 4 ta wake a wata, tiya nawa za a ajiye don wata 12?

Ku rubuto mana amsoshinku da hannunku, ku ba malamin ajinku ya kawo mana. Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka. Amin.